Gammon farantin nutso: a saya ko a bari?

Wani ƙanena a sana'a, mazaunin Jekadafari a cikin garin Gombe, ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, na yi kwas ɗin nutso a Legas, na dawo gida na tara kuɗi na sayi farantin baya na ƙarfe da ɗamararsa da jakar iska. Ranar da na fara goya shi a Dadin Kowa na kwana da ciwon kafaɗa, ga kuma wani wuri a gadon bayana da ya yi ja wur. Mai sayarwa ya ce akwai soso da ake ɗaura wa farantin, wai da shi an rabu da wannan wahala. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne idan aka juya dala zuwa naira. Ya cancanci a saya?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a kayan. Kada ka saya yanzu. Ka riƙe kuɗinka tukuna, ka gyara ɗaurin ɗamarar, ka duba notukan, ka shiga ruwa sau biyar ko shida. Idan bayan haka ciwon yana nan, akwai irin wanda zan ce ka saya, akwai kuma irin wanda ko kyauta aka ba ka ba zan so in gan shi a bayanka ba. Ga dalilina.

Ni gammo nake ce wa wannan soso, kuma da gangan nake faɗin haka. Matar da ta ɗauko tulu daga rijiya tana naɗa gammo ne saboda nauyin yana zaune a ƙoƙon kanta tun daga bakin rijiya har bakin randa. Da ta sauke, gammo ya gama aikinsa. To namu tulun na iskar shaƙa fa, a ina nauyinsa yake zama a kanmu? Tulun alminiyam da yawancinmu muke samu, mai cin lita 11 wanda ake cikawa zuwa matsin bar 207, yana kai kilo 14 ba iska a ciki. Iskar da aka danna masa kaɗai ta kusa kilo 3. Ka haɗa da na'urar shaƙa, da farantin ƙarfe mara tsatsa da ake ɗaure tulun a kansa, wanda yake wajen kilo biyu da rabi, da dalmar da ke taimaka maka nutsewa idan kana sawa, ka ga mutum ya goya fiye da kilo 20. Wannan lissafin tudu ne. Da zarar ruwa ya rufe kafaɗarka, tulun nan cikakke ba ya rinjayar ruwa da abin da ya wuce kilo ɗaya zuwa biyu, sauran kuma jakar iska ce take ɗauke da shi. Ƙarin haka, mai nutso a kwance yake tafiya, ruf da ciki, farantin yana shimfiɗe a bayansa kamar faifai a bakin kwarya. Babu abin da yake rataye a kafaɗa. Shi ya sa za ka ji tsofaffin hannu suna cewa sun manta ma akwai ƙarfe a bayansu.

Ke nan gammo yana aiki ne a mintunan da ke tsakanin mota da bakin ruwa, da mintunan dawowa. Abin tambaya a nan shi ne, mintunan nan naka nawa ne, kuma me kake sanye da shi a lokacin?

A nan ne na rabu da turawan da ke cewa soso ɓarnar kuɗi ce kawai, magana ta ƙare. Ka san inda farantin ya samo asali. A 1979 wani mai nutson kogo a jihar Fulorida ta Amurka, Greg Flanagan, ya yanko faranti na farko daga allon alamar hanya na alminiyam, don ya daidaita tulu biyu a bayansa. Daga baya Bill Main da abokansa suka kafa tsarin da ake yi wa laƙabi da sunansa na tsakiya, Hogarth, wanda ƙa'idarsa ita ce duk abin da ba dole ba ne a bar shi a gida: faranti ɗaya, bel ɗaya miƙaƙƙe mai faɗin inci 2 da aka zura ta ramukan farantin ba tare da an yanka shi ba, zobba uku a ƙirji da ƙugu, sai igiyar bante. Tsari ne mai kyau, shi nake bi, shi nake koyarwa. Amma ka tuna ruwan kogunan ƙarƙashin ƙasa na Fulorida yana zaune a wajen digiri 21 zuwa 22 duk shekara, kuma mutanen nan suna yin awanni a ciki. Rigar roba mai kauri suke sawa, milimita 5 ko 7, wasu ma rigar da ruwa ba ya shiga da wata rigar ɗumi a ƙarƙashi. Mutumin da ke da milimita 7 na roba tsakanin ƙashin bayansa da ƙarfe ya riga ya sa gammo, sunansa ne kawai ya bambanta. Kai kuwa a watan Afrilu, rana tana neman digiri 40 a Gombe, singileti ko 'yar rigar leda mai shara-shara ce a jikinka. Shawararsu ba za ta hau kanka yadda take ba sai an auna.

Kuma wuraren shigarmu ba irin nasu ba ne. Wanda ya je Sharm el-Shek a Masar, jirgin ruwa ne yake kai shi, ya zauna a benci ya sa hannu a ɗamara, taku uku ya faɗa ruwa. Mu a Dadin Kowa, ko Balanga, ko Gubi ta Bauchi, inda mota ta tsaya daban, inda ruwa yake daban, musamman da rani idan ruwa ya ja baya. Sai ka gangara ta kan duwatsu, ka ratsa laka, kowane taku tulu yana jijjiga yana dukan baya. Na san wannan tafiyar sarai, kuma ba na raina ciwon da ka kwana da shi.

Sai dai ciwo biyu ka ambata, kuma kowanne da mai laifinsa.

Mu fara da jan tabon nan na gadon baya. Ina da yaƙinin noti ne. Ɗauko farantinka ka duba: tsakiyarsa a lanƙwashe yake, an yi masa kwari daga sama har ƙasa. An yi kwarin ne don kan kusoshi biyun da ke riƙe jakar iska da mariƙin tulu, waɗanda tazararsu inci 11 ce a kusan kowane kamfani, su ɓuya a ciki tare da notukansu masu kunne, kada su taɓa ƙashin baya. Idan kusar ta yi tsawo, ko kwarin farantin bai yi zurfi ba, ko kunnen noti ya tsaya a gicciye, to ƙarfe zai leƙo ya sami fata. Shekarun baya wani yaro da nake koya wa aiki ya fito daga ruwa yana ɗingishin baya, ya ɗaga riga na ga tabo biyu, ɗaya tsakanin allunan kafaɗa ɗaya can ƙasa, kowanne kamar an danna masa kwabo mai zafi. Na kwantar da farantin a kan murfin but, na gicciya rula a kan kwarin. Rular ba ta zauna ba, tana lilo a kan kusa. Tsawon da ya leƙo bai kai faɗin farce ba. Muka kai wa mai walda a bakin hanya ya rage kusoshin da zarto, ya goge bakinsu da magagari. Tun daga ranar bai ƙara kawo mini ƙarar baya ba. Da soso ya saya, da kusar ta ci sosan a hankali har ta huda shi ta dawo inda take. Ka yi gwajin rular nan yau, kafin ka karanta sauran.

Ciwon kafaɗa kuwa, sau tara cikin goma a hannuna, daga ɗauri yake. Sabon shiga yana jan bel ɗin kafaɗa tamau saboda yana tsoron kada kaya su zame, sai ya bar na ƙugu sako-sako, igiyar bante kuma tana reto. Sakamakon haka kilo 20 ɗin nan duka ya rataya a kan jijiyoyi biyu na gefen wuya. Masu jakuna sun san wannan tun kafin a haife mu: idan mangala ta karkace, ko akumari nawa ka jibga sai jaki ya yi miki.

Ga yadda za ka daidaita. Cire tulu da jakar iska, ka goya farantin shi kaɗai a kan rigar da za ka shiga ruwa da ita. Miƙa hannu ta bayan wuya: ya kamata 'yan yatsunka su taɓa bakin farantin na sama ba tare da ka yi ta miƙa ba. Idan ba ka kai ba, ya yi ƙasa, zai riƙa dukan ƙugu. Idan ka kama shi da tafin hannu gaba ɗaya, ya yi sama, kan tulu zai riƙa bugun ƙeyarka. Bel ɗin kafaɗa kuma ya zama dunƙulen hannunka yana iya shiga tsakaninsa da ƙirji. Zai yi maka kamar ya yi sako-sako, ka bar shi haka. Buɗe hannuwanka biyu ka lanƙwaso su, inda manyan yatsunka suka sauka a ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya kaɗan, nan zobban za su zauna. Sannan ka ja bel ɗin ƙugu ya kama sosai a saman ƙashin kwatangwalo, domin a tudu shi ne yake raba wa kafaɗa nauyi. Igiyar bante ita ce ke hana farantin hawa sama idan ka hura jakar iska a saman ruwa, don haka kada ta yi reto, kada kuma ta matse har ta jawo bel ɗin ƙugu ƙasa. Aikin nan yana cin awa guda, domin kowane gyara sai ka zare bel daga rami ka mayar, kuma sabon bel yana da taurin kai. Ka yi haƙuri da shi. Taurin ma yana raguwa: bayan ya sha ruwa ya bushe sau da yawa zai yi laushi ya ɗauki siffar jikinka. Ka kuma shafa yatsa a bakin ramukan da bel yake bi. Faranti mai araha yakan zo da kaifi a wurin, yana cin bel yana cin riga. Magagari da sanfefa sun isa.

To, a ce ka yi duk wannan. Me sosan zai ci maka idan ka ɗaura shi, ban da kuɗi?

Na farko da ake yawan faɗa shi ne yana ɗaga mutum sama, kuma gaskiya ne, amma a san girmansa. Duk abin da ya ture lita ɗaya ta ruwa, ruwa yana tura shi sama da ƙarfin kilo ɗaya. Soson da tsawonsa santimita 30 ne, faɗinsa 25, kaurinsa 1, girmansa kashi uku cikin huɗu na lita ne. Idan irin robar rigar nutso ce, mai ƙananan kumfar iska a kulle, zai ɗaga ka da abin da ya haura rabin kilo. Ƙara na kafaɗa biyu da na ƙugu, kana iya kaiwa kilo ɗaya ko fiye. Wannan kilo sai ka biya shi da dalma. Ka ga abin: ka sayi soso don kaya su yi maka sauƙi a tudu, ka ƙare da ƙarin nauyi a tudun. Kuma ɗagawar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama, kumfar iskar ta matse zuwa wajen rabi, a mita 20 zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Can ƙasa sosan ya lotse, dalmar da ka ƙara tana nan da nauyinta, sai ka ƙara iska a jaka. Da ka taso kuma ya kumbura ya dawo da ƙarfinsa, daidai lokacin da tulun alminiyam ya kusa ƙarewa shi ma yana neman sama. Tsayuwar minti 3 a mita 5, wadda muke yi don jiki ya fitar da iskar da ya sha, a nan ne za ka ga sabon shiga yana ta harba ƙafa yana kokawa kada ya ɓullo.

Amma zan yi wa sosan adalci, domin wannan hujja ba ta kama kowa ba. Ruwanmu ba na gishiri ba ne. Ruwan teku ya fi na dam nauyi da wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari, shi ya sa dalmar da ka sa a Legas ta yi maka yawa a Dadin Kowa. Siririn mutum mai ƙashi, sanye da rigar leda, goye da farantin ƙarfe a ruwan dam, sau da yawa ko dalma ɗaya ba ya bukata, nauyi ma ya yi masa yawa. Irin wannan, rabin kilon da soso zai ɗaga ba asara ba ce a gare shi. Wanda abin yake ci shi ne mai farantin alminiyam, wanda bai kai kilo ɗaya ba, ko mai jiki, ko mai rigar roba. Kada ka yarda da ƙiyasin kowa, har nawa. Cika duro da ruwa, tura sosan ciki ka matse shi iska ta fita, ka riƙa ɗaura masa 'yan ƙarafa har ya daina tasowa, sannan ka auna ƙarafan a sikelin mai nama.

Abin da ya fi damuna ni shi ne ruwan da yake sha. Wasu sosan irin na katifa ne a ciki, mai buɗaɗɗun ƙofofi, an lulluɓe shi da yadi mai raga. Wannan ba ya ɗagawa sosai idan ya jiƙa, amma yana shan ruwa kamar auduga, kuma ruwan Dadin Kowa da damina ja ne, laka ce zalla. Na taɓa kwance wani daga farantin abokin aiki bayan wata biyu yana amfani da shi. Da na matsa, abin da ya fito kamar kunun kanwa, ga yashi ya taru a tsakanin sosan da ƙarfe, ga wari irin na rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Bayansa kuwa duk ƙuraje. Faranti tsirara da bel ɗinsa, ka watsa musu ruwan famfo ka rataye a inuwa, da hunturu kafin la'asar sun bushe. Soso a watan Agusta yakan kwana biyu da danshi, kuma ba za ka shanya shi a rana tsaka ba, don rana tana cin roba tana busar da ita har ta tsage. Mutumin da ba shi da halin kwance shi ya wanke bayan kowane aiki, gara kada ya fara.

Akwai kuma wani abu ƙarami da nake ɗauka da girma. Soso yana rufe notukan. Noti mai kunne yana kwancewa da kansa saboda jijjigar mota, kuma hanyar da muke bi da kaya a bayan a-kori-kura ba ta da tausayi. Idan farantin a buɗe yake, duk lokacin da ka ɗaga shi idonka yana kan notukan, yatsanka yana murɗa su ba tare da ka yi tunani ba. Idan an rufe su, sai ka tuna, sai ka ɗaga. Ranar da ka manta, tulu yana iya fara kaɗawa a bayanka a ƙarƙashin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani.

Wannan duhun ne ma ya sa ba na son abin da ake sayarwa da sunan ɗamarar jin daɗi gaba ɗayanta, mai sosan kafaɗa masu faɗi, da maɓallan roba, da igiyar ƙirji, da wutsiyoyin bel suna reto. Dam ɗinmu wurin neman abincin masunta ne. Akwai tsofaffin taru da suka tsinke suka maƙale a kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, akwai mamari mai ƙugiyoyi ɗaruruwa a jere. Kowane lanƙwasa da kowane baki da ka ƙara a jikinka wuri ne da zaren lilo zai samu ya riƙe. Ƙugiya idan ta sami ƙarfe zamewa take, idan ta sami bel mai tauri da wuya ta shige, idan kuwa ta sami soso mai yadin raga ta samu gida. Soson baya shi kaɗai, tun da yana ɓoye tsakanin jiki da faranti, ba shi da wannan matsala sosai. Na kafaɗa su ne a fili. Tun da na ambaci dam, bari in faɗi abin da ba na gajiya da faɗa: kada ka kusanci bakin da ruwa ke shiga injin wuta ko ƙofofin sakin ruwa sai masu kula da wurin sun rufe sun tabbatar maka, kuma ka tambayi masunta inda dorina take kwana kafin ka jiƙa ƙafa. Wannan ya fi duk zancen soso nauyi.

Wasu suna cewa soso yana nesanta tulu daga baya har ya sa mutum ya riƙa mirginawa. Ga mai kauri sosai na yarda, na ji shi a jikina, kamar kaya suna lilo idan ka juya. Ga siriri, ban ga bambancin da zan tsaya a kai ba.

To wa zan ce ya saya? Mutumin da ya gyara ɗauri, ya rage kusa, ya shiga ruwa sau da yawa, amma har yanzu tudu yana ba shi wahala, kuma aikinsa na rigar leda ne da doguwar tafiya. Mutum marar tsoka a baya, wanda ƙasusuwan gadon bayansa suke a fili, ko wanda allon kafaɗarsa yake gugar gefen faranti. Wanda ya taɓa karaya a ƙashin wuya ko aka yi masa aiki a kafaɗa: shi kam har maɓallin da ke buɗe bel ɗin kafaɗa ina goyon bayan ya sa, ko da masu tsattsauran ra'ayin bel ɗaya za su yi gunaguni, domin ɗamarar da mutum ba zai iya fita daga cikinta da sauri ba haɗari ce. Haka mai koyarwa da ke wuni a tsaye cikin ruwa iya ƙugu da kaya a baya. Waɗannan duka kuɗinsu bai faɗi a banza ba.

Idan ka shiga cikinsu, ga irin wanda za ka nema. Siriri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya shan ruwa ko wanda ruwa ke zubewa daga cikinsa nan take. Mai kwancewa cikin sauƙi don wanki. Wanda ya bar maka hanyar kai hannu ga notuka. Mafi amfani a cikinsu shi ne wanda aka yi shi kamar aljihu, buɗe ta ƙasa, irin wanda Halcyon da wasu kamfanoni suke yi: kana naɗe balan-balan ɗin alama, wanda ake hurawa ya taso don na sama su san inda kake, ko jakar ɗaga kaya ka cusa a ciki, ka zaro ta da hannu ɗaya idan bukata ta taso. Ka sami ma'aji, ka sami laushi a kan hanya. Ga masu aikin ciro kaya daga ƙasan ruwa, wannan kaɗai ya biya kuɗinsa. Amma ka lura da abu ɗaya kafin ka tura kuɗi: tazarar inci 11 ta kusoshin tsakiya ce kamfanoni suka yi tarayya a kai. Ƙananan ramukan gefe, inda ake ɗaure soso da 'yan sukurori, kowa da yadda ya huda nasa. Soson kamfanin Apeks ba lallai ya hau farantin kamfanin Dive Rite ba. Ka auna ramukan farantinka da rula, ka tura wa mai sayarwa hoto, ka sa ya tabbatar. Kayan da ya ƙetaro teku ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin ma ka kai ga oda, akwai gwajin da ba zai ci maka komai ba. Nemi tsohuwar rigar roba da ta mutu, ka yanko hannayenta ko ƙafafunta, tsawon taƙi ɗaya ɗaya, ka zura su a bel ɗin kafaɗa daidai inda yake gugar wuya da hammata. Idan babu, ka yanko falle ka kai wa mai ɗinkin takalmi a babbar kasuwa ya naɗe maka shi kamar kube ya ɗinke da zaren lilo. Ka daure bakinsa da yankin tsohon tub na babur don kada ya yi yawo. Na baya kuma, falle ɗaya na milimita 3 da aka huda aka ɗaure a ramukan gefe ya isa ya nuna maka ko laushi ne matsalarka. Idan ka ji sauƙi, ka san abin da za ka saya. Da yawa daga cikin waɗanda na yi wa wannan ba su ƙara waiwayar na kanti ba.

Da ni ne da kuɗin nan a hannu, rigar roba cikakkiya ta milimita 3 zan tara in saya. Ita ce gammon da ke rufe baya da kafaɗa da ƙugu a lokaci ɗaya, kuma tana yin ayyukan da soso ba ya yi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Mutanenmu suna auna ruwa da Wikki ta Yankari, wadda take digiri 31 dare da rana, mutum ya wuni a ciki bai ji komai ba. Dam ba haka yake ba. A Disamba da Janairu, ko da rani ma idan ka sauka ƙasa ka ratsa inda ruwan sama mai ɗumi ya rabu da na ƙasa, minti 40 sun isa su sa haƙoranka kaɗawa, kuma mai rawar ɗari ba ya tunani daidai. Rigar tana kare fata daga kututture da tsohon ƙarfe da kwalba. Tana kuma rage fatar da ke haɗuwa da ruwa kai tsaye, abin da ke da muhimmanci a ruwan da ke da katantanwar tsargiya. Na ce ragewa, domin ruwa yana shiga cikin rigar, don haka duk mai shiga dam a kai a kai ya riƙa zuwa asibiti ana duba fitsarinsa da bayan gidansa, maganin yana nan kuma yana aiki. Wahalar rigar ɗaya ce, zafi a tudu. Maganinsa ka sa ta iya ƙugu har sai ka gama haɗa kaya, ka zuba ruwa a ciki kafin ka ja zif.

Ita kuma doguwar tafiyar nan da ta jawo maganar tun farko, ba dole ba ne a yi ta da kaya a baya. Baro yana kai tulu bakin ruwa. Mutum biyu suna iya kama shi, ɗaya a wuya ɗaya a gindi. Idan gangaren ya yi tsauri, ka kai tulu daban, faranti daban, dalma daban, sawu uku marasa nauyi sun fi sawu ɗaya mai karya baya, kuma wanda ya zame a kan dutse da kilo 20 a bayansa ba soso ne zai cece shi ba. A bakin ruwa ka haɗa, ka buɗe iska, ka hura jaka, ka tura kayan su yi iyo, ka shiga iya ƙirji ka sa hannu a ɗamara a can. Daga kwalekwale ma haka muke yi: a ɗaure kayan da igiya a sauke su, mutum ya bi su. Wajen fitowa ka juya tsarin, kuma wannan ya fi muhimmanci, domin ɗaukar kaya mai nauyi a hau tudu da shi nan da nan bayan nutso mai zurfi abu ne da likitocin nutso suke hana mu.

Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina da aiki a wajen Dadin Kowa, zan tashi daga Gombe bayan sallar asuba. Idan kana da sarari ka zo da farantin da ɗamarar yadda suke, kada ka kwance komai, ina so in ga ɗaurin da ya ba ka ciwon. Ka taho da rigar da ka sa ran nan. Ni zan zo da rula da magagari da guntun tsohuwar roba.